Notin da Ya Ƙi Kwancewa: Tarihin Ƙarafa Biyu a Cikin Esin Motarka

Mai karatu, idan kana da mota, ko kana yawan zama wajen masu gyaranta, da wuya a ce ba ka taɓa ganin irin wannan ba. Watan Afrilu ne, rana ta take, na'urar sanyaya mota, wadda kowa ke kira esi, ta daina ba da sanyi. An kai motar wajen mai gyara a bakin Ƙofar Doka ko can wajen Kwangila, ya duba ya ce kwandansa ce ke yoyo, wato wannan faffaɗan abin mai kama da lagireto da ke can gaba, sai an sauya ta. Aiki ne da bai kamata ya wuce awa ɗaya ba. Amma da ya ɗora sifana a kan notin da ya haɗa bututu da kwandansar, sai notin ya ce bai san zancen ba. A ƙara ƙarfi, shiru. A kawo guduma, shiru. Can sai ka ji wani ya ce, "A kira mai walda ya ɗan gasa shi mana." Sau da yawa ƙarshen labarin shi ne bututun ya murɗe kamar igiya, ko ya narke, gyaran abu ɗaya ya koma na abu uku.

Abin mamaki, wannan bakaniken zai iya kwance notin salansa da ya shekara 20 yana tsatsa ba tare da gumi ya karyo masa ba. To me ya sa ɗan notin esi ke gagararsa? Amsar tana cikin tarihi. Dabarar wuta da guduma da kanikawanmu suka gada an gina ta ne a kan baƙin ƙarfe, shekaru aru-aru. Bututun esi kuwa da wani ƙarfe aka yi shi, baƙo, wanda halinsa ya sha bamban. Bari mu bi sawun kowannensu mu ga inda suka haɗu.

Gadon wuta da masaba

Ƙasar Zazzau ta daɗe da sanin ƙarfe. A Taruga, kusa da Abuja ta yau, Bernard Fagg ya tono murhunan narka tama na mutanen Nok a shekarun 1960, waɗanda shekarunsu suka haura 2,000. Nan kusa da gida kuma, a yammacin Samaru, masu binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da J.E.G. Sutton, sun tono wurin narka tama a shekarun 1970, wanda ya haura shekara 1,000. Ka ga ke nan tun kafin a zagaye birnin Zariya da ganuwar nan mai tsawon kimanin kilomita 15, ana haƙar tama a yankin, ana narka ta da gawayi, ana ƙera fartanya da gatari da mashi. Ita kanta ganuwar, ai da galma da magirbi aka haƙo ƙasar da aka tayar da ita.

A ƙasar Hausa an raba sana'ar gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. Kowane ɓangare ya san halin ƙarfensa. Maƙerin baƙi ba shi da ma'aunin zafi, idonsa ne ma'auninsa. Idan ya sa ƙarfe a wuta yaro na zuga, launi yake kallo. Daga wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyos ƙarfen yakan fara ja-ja a inuwa, a wajen 800 ya yi ja zur, a wajen 1,000 ya koma ruwan lemo, amma ba zai narke ba sai zafin ya haura 1,400. Wato tsakanin gargaɗin farko da narkewa akwai tazarar wajen digiri 800. Ƙarfen da kansa yake gaya wa maƙeri lokacin da zai ɗauko shi da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera. Daga nan ne Bahaushe ya samo cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Turawan Ingila sun kama Zariya a 1902, kuma a 1911 layin dogo daga Baro zuwa Kano ya ratsa ta garin. Ba a daɗe ba Zariya ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, da reshe zuwa Jos da wani zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda. Jirgi ya kawo ƙarfen Turai, ya kawo tarkacen dogo da na injuna mai arha, sannu a hankali haƙar tama da narka ta suka mutu. Ƙira kam ba ta mutu ba, sai ma ta samu sababbin 'ya'ya. Da motoci suka yawaita, aka samu kanikawa da masu walda da masu gyaran bodi, kuma duk sun ɗauki ƙa'idar maƙera: abin da ya ƙi motsi, a ba shi wuta, a ba shi guduma.

Kuma fa ƙa'idar tana da gaskiyarta. Idan noti da kusarsa duk na baƙin ƙarfe ne, tsatsa ce ke cika tsakanin zarensu. Ka gasa notin, ya buɗe kaɗan, tsatsar ta farfashe, ya juya. Motocin da aka koyi sana'ar a kansu, irin su Peugeot 404 da 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, yawancin abin da bakanike zai ɗora wa sifana a jikinsu ƙarfe ne a kan ƙarfe.

Baƙon da ya zo daga baya

Alminiyam, wanda wasu ke kira goran-ruwa, shi ne ƙarfen da ya fi kowane yawa a ɓawon ƙasa, amma babu maƙerin da ya taɓa narko shi daga dutse da gawayi, a nan ko a ko'ina. Dalili kuwa, ya riƙe iskar oksijin gam, zafin gawayi ba ya iya raba su. Sai a 1825 Hans Christian Ørsted na ƙasar Denmak ya fara ware ɗan kaɗan, Friedrich Wöhler na Jamus ya biyo baya a 1827. Shekaru da dama bayan haka yana cikin ƙarafa masu tsada. A 1884, da Amurkawa suka gama dogon hasumiyar tunawa da George Washington, da ɗan curin alminiyam mai nauyin ƙasa da kilo 3 suka yi mata hula, don ƙawa da kuma tare tsawa.

Shekara biyu bayan nan, a 1886, wasu samari biyu da ba su san juna ba, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowannensu ya gano yadda za a raba alminiyam da oksijin ta hanyar lantarki. Dukansu an haife su a 1863, dukansu kuma suka rasu a 1914. Da wannan hanya farashinsa ya faɗi warwas, har ya kai yau ana narka tarkacensa a kasuwanninmu ana zuba tukwanen da ake kira tukunyar dalma.

Halayensa uku ne suka shafe mu a nan. Na farko, ba shi da nauyi, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin baƙin ƙarfe ne, kuma zafi na ratsa shi da sauri. Na biyu, yana da laushi. Na uku, yana narkewa a digiri 660, kuma ba ya sauya launin da ido zai kama da rana kafin ya narke. Yana nan fari fat, sai kawai ka ga ya zube. Tun kafin a kai nan ma, da zafi ya haura digiri 200 zuwa 300, ƙarfinsa ya fara tafiya. Harshen wutar mai walda kuwa yana haura digiri 3,000. Ka ga idon maƙerin baƙi, wanda ya saba jiran ja, ba shi da abin karantawa a nan.

Yadda sanyi ya shiga mota

A 1902, shekarar da Zariya ta faɗa hannun Turawa, wani injiniya mai suna Willis Carrier ya ƙera na'urar daidaita laimar iska don wata maɗaba'a a birnin Niyok. Daga ita esin zamani ya samo asali. Kamfanin Packard ne ya fara sayar da mota mai esi a 1939. Na'urar ta cinye kusan rabin but, kuma ba ta da makunni: idan sanyi ya ishe ka, sai ka tsaya ka buɗe bonet ka cire bel. A 1954 kamfanonin Nash da Pontiac suka fito da tsarin da ya tattara kayan a gaban mota, irin wanda muka sani yau. Zuwa 1969 fiye da rabin sababbin motocin Amurka da esi suke fitowa.

Aikin na'urar bai sauya ba tun lokacin. Kwamfireso na matse gas ya yi zafi, ya tura shi kwandansa, iska ta huce shi ya zama ruwa. Ruwan ya bi ta wata 'yar ƙaramar kafa ya faɗa wani akwatin bututu da ke bayan dashbod, a can ya koma iska, yana komawa yana zuƙe zafin cikin mota. Duk wannan zagayen a cikin bututu yake, kuma kowace mahaɗa sai an ɗaure ta yadda ko ɗigo ba zai fita ba.

A motocin farko an fi amfani da jan ƙarfe da tagulla da baƙin ƙarfe wajen waɗannan bututu. Bayan rikicin man fetur na 1973, da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi, masu ƙera motoci suka shiga rage wa mota nauyi ta kowace hanya. Alminiyam ya fi jan ƙarfe arha da rashin nauyi, don haka daga shekarun 1970 zuwa 1990 ya mamaye lagireto da kwandansa da bututun esi. Sai dai laushinsa ya sa a wurare da yawa noti ko kusar da ke ɗaure shi ta baƙin ƙarfe ce. A nan ne tsohon ɗan gida da baƙo suka zama maƙwabta, jiki da jiki, na tsawon rayuwar mota.

Ƙarfe ɗaya ba ya amo

Abin da ke faruwa idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a cikin ruwan gishiri, sojojin ruwan Ingila ne suka fara ganinsa da idonsu. A 1761 sun lulluɓe ƙasan wani jirgin katako mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe don hana tsutsar teku cin katakon, suka kafe fallayen da ƙusoshin baƙin ƙarfe. Da aka duba jirgin a 1763, sai aka tarar ƙusoshin da yawa sun zagwanye. Amma an lura da wani abu: inda takardar da aka naɗo fallayen da ita ta maƙale tsakanin kan ƙusa da jan ƙarfen, ƙusar tana nan lafiya. Wato taɓa juna ne matsalar.

Bayanin ya zo daga Italiya. A 1791 Luigi Galvani ya wallafa yadda ƙafar mataccen kwaɗo ke zabura idan ƙarafa suka taɓa ta. Alessandro Volta ya ce sirrin yana cikin ƙarafan biyu da laimar da ke tsakaninsu, kuma a 1800 ya tabbatar da hakan: ya jera fallayen tutiya da na jan ƙarfe, ya sa tsumma jiƙe da ruwan gishiri a tsakani, ya samu batir na farko a duniya. A 1824 Humphry Davy ya juya abin ya zama magani, ya nuna cewa idan aka manna guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen jirgi, guntun ne zai ci, jan ƙarfen ya tsira. Wannan hikimar ce ke kan rufin gidanka: kwanon rufi baƙin ƙarfe ne da aka shafe da tutiya, ita take fara ci kafin tsatsa ta kai ga ƙarfen.

To notin esinka ɗan ƙaramin batirin Volta ne. Ga baƙin ƙarfe, ga alminiyam, abin da ya rage kawai ruwa mai ɗan gishiri. Da ya samu, lantarki mai rauni zai fara gudana, kuma a wannan zaman alminiyam ne ke biyan kuɗin haya. Shi alminiyam yana da wata rigar kariya, siririyar fata da yake yi da kansa da zarar iska ta taɓa shi, wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na silin gashi ba. Ita ce ta sa tukunya ba ta tsatsa. Amma sinadarin kulorayid da ke cikin gishiri yana huda wannan fatar, abu mai kaifin kanwa kuma yana narkar da ita. Masu ƙera motoci sukan shafa wa notin tutiya don ta tare faɗan, sai dai shafen siriri ne, shekaru kaɗan ya ƙare.

Abin da ke fitowa daga wannan ci ba jar tsatsa ba ce, wani farin gari ne kamar alli. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai. Wannan farin garin ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri, don haka yana cika tsakanin zaren noti da bututu ya cushe shi kamar siminti. Idan kuma noti da mazauninsa duk na alminiyam ne, wata matsalar ce ke jira: da an murɗa da ƙarfi fatar kariyar ta goge, tsiraran ƙarafan biyu su manne da juna, zaren ya yage ya fito a jikin notin.

To ina gishiri a Zariya?

Tambaya ce mai kyau. Tsakanin Zariya da teku akwai fiye da kilomita 600, kuma kusan rabin shekara ko ɗigon ruwa ba ya sauka. Bisa ƙa'ida, motar da ta yi rayuwarta a nan bai kamata ta sha wahalar tsatsa sosai ba.

Sai dai yawancin motocin da ke shiga ta Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana ba a nan suka yi ƙuruciyarsu ba. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ta motocin hannu daga waje. Da yawa ta tashar jiragen ruwan Antwerp aka riƙa loda su zuwa Kwatano da Legas, shi ya sa har yau ake ce musu 'yan Beljiyam, ko da daga Amurka ko Kanada suka fito. A waɗannan ƙasashe, idan hunturu ya zo ana watsa gishiri a kan titi don ya narkar da ƙanƙara. Jihar New Hampshire ta Amurka ta fara gwada hakan a ƙarshen shekarun 1930, yau kuma Amurka kaɗai na zuba kimanin tan miliyan 20 a shekara. Kwandansa tana can gaban mota, ita ke fara karɓar feshin ruwan gishirin daga tayoyin motar da ke gaba. Motar da ta yi hunturu goma a irin wannan titi, sannan ta yi makonni a kan teku da tashar jirgi, ta iso mana da gishirinta a maƙale cikin zaren noti.

Nan gida kuma mu ke ba shi ruwa. Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, yawancinsa tsakanin Mayu da Satumba. Bututun da ke dawo da sanyi zuwa kwamfireso kuma gumi yake yi duk lokacin da esi ke aiki, kamar gorar ruwan sanyi da aka ajiye a tebur. Ga ƙurar hunturu da ke taruwa a lungunan injin tana riƙe laima. Ga wankin injin da garin sabulu, wanda kaifinsa irin na kanwa ne. Gishirin Turai, ruwan Zazzau, batir ya tashi.

Abin da ke cikin bututun

Kafin ka yarda a kusanto da wuta, ya kamata ka san abin da ke ciki. Firji na farko-farko da iskar amoniya da wasu iskoki masu guba suke aiki, kuma yoyonsu ya kashe mutane. A ƙarshen shekarun 1920 Thomas Midgley da abokan aikinsa suka samar da gas ɗin da aka sa wa suna Freon, ko R-12. A 1930 Midgley ya shaƙe shi a gaban taron masana, ya hura ya kashe kyandir, don ya nuna ba guba ba ne kuma ba ya kamawa da wuta. Fiye da shekara 50 ana ɗura shi a motoci.

A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna cewa irin wannan gas ɗin na tashi sama ya lalata rufin ozon, wanda ke tace hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. A 1985 masu bincike na Ingila suka ba da rahoton ramin ozon a saman Antatika. A 1987 aka sa hannu kan Yarjejeniyar Montreal, Najeriya ta shiga a 1988, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa na daina amfani da R-12 ya cika ranar 1 ga Janairun 2010. Daga farkon shekarun 1990 masu ƙera motoci suka koma R-134a, wanda shi ne ke cikin yawancin motocinmu yanzu. Shi ba ya taɓa ozon, amma kilo ɗayansa na ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon. Ƙaramar mota na ɗaukar kimanin giram 600. Sakin wannan a iska daidai yake da ƙona fetur wajen lita 370. Wannan ne ya kawo gyaran Kigali na 2016, Tarayyar Turai kuma ta hana sa shi a sababbin motoci daga 2017. Wanda ya gaje shi, R-1234yf, yana iya kamawa da wuta, kuma motocin da ke ɗauke da shi sun fara iso mana a matsayin 'yan Beljiyam.

Haɗarin da ke gaban mai gyara iri uku ne. Ko mota a kashe take, a zafin Zariya matsin gas ɗin na kai wajen 100 a ma'aunin da mai faci ke amfani da shi, inda tayar mota ke ɗaukar 32. Idan noti ya ɓalle bagatatan, ruwan gas ɗin na fita da sanyin digiri 26 ƙasa da sifili, wanda ke iya ƙona fata ya makantar da ido. Idan kuma ya haɗu da harshen wuta, R-12 na iya rikiɗa ya ba da fosjin, gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, R-134a da magajinsa kuma suna ba da wani hayaƙi mai asid da ke cin huhu. Ƙari a kan haka, ba kullum ake sanin abin da wani ya ɗura a motar a baya ba, kuma akwai masu ɗura gas mai kamawa da wuta saboda arha.

Yadda ake lallashinsa

Daga duk wannan tarihin, ga abin da ya kamata ka gani idan ana aiki a motarka.

Da farko a zuƙe gas ɗin da na'ura zuwa cikin tulu, a tabbatar ma'auni ya sauka sifili, mai aikin kuma ya sa tabarau. Sannan a goge mahaɗar da burushin waya a cire farin garin da ke waje, a fesa man da ke ratsa tsatsa, a ba shi lokaci, in da hali ya kwana. Irin waɗannan mayuka, kamar WD-40 da aka haɗa a 1953 don kare jikin makami mai linzami na Atlas daga laima, ba sa narkar da farin garin, silalawa kawai suke yi ta tsagoginsa su rage gogayya. Man birki da wasu ke zubawa yana cin fenti kuma yana jan ruwa, gara a bar shi a inda aka yi shi dominsa.

Sifana biyu ake sawa, ba ɗaya ba. Ɗaya ta riƙe ɓangaren da ke jikin kwandansa ko bututu, ɗaya ta juya notin. Wadda ta fi dacewa ita ce mai baki kamar zoben da aka ɗan tsaga, don tana kama kusan dukkan gefunan notin. A jera hannayen sifanun kusa da juna a matse su da tafin hannu ɗaya kamar almakashi, yadda ƙarfin zai tsaya a kan zaren, ba a kan bututun ba. A ɗan ƙara ɗaurewa kaɗan, a dawo baya, a sake fesa mai, a yi ta kai da komo. A riƙa kallon bututun: idan yana juyawa tare da notin, a tsaya nan take. Ɗan ƙwanƙwasa gefen notin a hankali, da wani ƙarfe tokare a bayansa, yana farfasa garin. Dukan maƙera kuwa lotsa shi zai yi.

Zafi yana da amfani idan an san lissafinsa. Alminiyam na buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Mahaɗa mai faɗin milimita 20, idan aka ƙara mata zafin digiri 100, alminiyam zai buɗe da kimanin milimita 0.046, baƙin ƙarfe 0.024. Saboda haka idan kusar ƙarfe ce a cikin mazaunin alminiyam, ɗumi na sassauta ta. Idan kuwa notin ƙarfe ne ya zagaye bututun alminiyam, na cikin ne zai fi kumbura, sai bayan ya huce za a ga amfanin, don ɗumi da hucewa na tsattsaga garin. Ko ta wace hanya, tafasasshen ruwa ko na'urar hura iska mai zafi sun wadatar, kuma sai bayan an tabbatar babu gas.

Idan duk ya ƙi, a yi lissafin wanne ya fi tsada. Sau da yawa hikima ita ce a tsaga notin a tsaye da ƙaramin zarto, a buɗe shi, a sadaukar da ɓangaren da dama za a sauya don a ceci ɗayan. Wajen mayarwa, a toshe bakin bututu kada ƙura da laima su shiga, domin man da ke tafiya da R-134a mayen ruwa ne, ruwan kuma na zama asid ya ci bututun ta ciki. A sa sababbin zobban roba da aka shafa wa man kwamfireso, a ɗan shafa abin hana kamewa a zaren waje kawai, a ɗaure daidai wa daida. Zoben robar ne ke hana yoyo, ba ƙarfin damtse ba. Sannan a zuƙe iskar ciki da famfo na aƙalla rabin awa kafin a ɗura sabon gas.

Maƙeran fari na wannan zamani

Kakanninmu da suka raba ƙira gida biyu sun san abin da suke yi. Ba a kai wa maƙerin fartanya awarwaron azurfa, ba don bai iya wuta ba, sai don kowane ƙarfe da irin hannun da yake so. Motar yau ta haɗa aikin gidajen biyu a ƙarƙashin bonet ɗaya, kuma kullum ɓangaren farin ƙaruwa yake yi: kan injin, giya, lagireto, har da ƙafafun wasu motocin. Yaron da ke koyon gyara a Zariya yau zai taɓa alminiyam fiye da yadda ubangidansa ya taɓa a zamanin 504, don haka yana bukatar a koya masa abin da farin gari ke nufi tun kafin a miƙa masa guduma.

Kai kuma mai mota, naka aikin ba shi da yawa. Idan za ka sayi 'yar Beljiyam, leƙa mahaɗun bututun esi ka ga ko sun yi furfura. Ka hana a wanke maka injin da garin sabulu. Ranar da noti ya ƙi kwancewa kuma, idan mai gyara ya ce ka bar motar ta kwana mai ya ratsa, kada ka ce ya cika nawa. Wanda za ka yi wa tambaya shi ne wanda ya aika a kira mai walda alhali gas na ciki.